Idan titi ya biyo ta gidan da ka saya

Wani ɗan'uwanmu ya sayi gida a unguwar Lugbe da ke Abuja. Ko labule uwargida ba ta gama ratayawa ba, sai suka wayi gari da jan fenti a katanga, wai titi zai biyo ta nan. Abin ya taɓa ni sosai, shi ya sa na tattara abin da aka faɗa a majalisarmu bayan Isha'i.

Lauyan da ke cikinmu ya ce bincike nauyin mai saye ne. Amma idan mai gida ya karɓi takardar soke mallaka ya ɓoye, ko aka tambaye shi ya yi ƙarya, kotu na iya warware cinikin a dawo da kuɗi. Malam ya ƙara da cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da damar mayarwa.

Inda aka fi daɗewa ana tattaunawa shi ne abin da za a yi kafin biya. Ka je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, a binciki takardun, ka ɗauki mai safiyo ya gwada filin da taswirar Abuja, sannan a rubuta a yarjejeniya cewa mai gida bai san da wata sanarwar gwamnati ba. Ni dai na fi yarda da mai shayin unguwa a kan bakin dillali, domin shi ya ga ranar da aka zo awo.

Batun diyya kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ginin take dubawa, ba filin ba, kuma takardar mai unguwa ba ta ba ka mallakar fili a Abuja.