Abincin kajina yana yin fumfuna tun shigowar damina

Assalamu alaikum masu kiwo. Ina haɗa wa kajina abinci da dusar masara, dawa da ƙuli-ƙuli. Tun da ruwa ya zauna, abincin yake dunƙulewa, ya yi fumfuna da warin tsami. Kajin sun fara zawo, ƙwai ma ya ragu.

Na ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, ɓeraye suka huda su. Na juye a durom na roba mai murfi, sai ya riƙa zufa daga ciki, na ƙasan ya ruɓe. Shanyawa ma ta gagara saboda hadari. Asarar ta ishe ni wallahi.

Don Allah, a cikin me kuke ajiye naku har damina ta wuce bai lalace ba?