Neman shawara: jarumata 'yar shekara 16 ce mai faɗan takobi a Rum, na kasa ƙarasa labarinta

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina rubuta wa matasa labari a kan matan da suka yi faɗan takobi a gaban 'yan kallo a daular Rumawa. Jarumata shekarunta 16, 'yar wani ɗan majalisar dattawa ce, zamanin Sarki Domishiyan. Na kai babi na 14 na cije. Da farko, ban san ko 'yar babban gida za ta iya shiga fage ba. Na biyu, suturarsu: abin da na gani a hoto ba zan iya miƙa wa ƙanwata ta karanta ba. Na uku shi ya fi hana ni barci: in kashe ta a ƙarshe ko in bar ta? Wallahi yarinyar nan ta shiga raina, amma ba na son yi wa yara ƙarya a kan tarihi.

Malamin Tarihi:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Zamanin da kika zaɓa ya yi daidai. Domishiyan ya yi mulki daga shekara ta 81 zuwa 96 miladiyya, kuma marubucin tarihin Rum Suwetoniyus ya rubuta cewa ya sa mata sun yi faɗa da dare a hasken wuta. Asalin yarinyar ne da gyara. Tun shekara ta 11 majalisar dattawa ta hana duk 'ya mace 'yantacciya da ba ta kai 20 ba shiga fage. A shekara ta 19 aka ƙara wata doka, wadda aka tono allon tagullarta a garin Larinum na Italiya, ta hana 'ya'ya da jikokin manya. Da ni ne ke, baiwa zan mai da ita. Baiwa ba ta da wannan kariyar, ubangidanta na iya sayar da ita ga mai horar da mayaƙa, wanda suke kira lanista.

Maman Biyu:
Malam, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Ai ba a kafa doka a kan abin da babu mai yi. Marubucin tarihi Tasitus ma ya koka cewa a shekara ta 63, zamanin Sarki Niro, matan manyan gidaje sun zubar da mutuncinsu a fage. Ki bar ta 'yar gata, ƙawata. Abin kunyar da za ta jawo wa ubanta, da uwar da za ta daina kiran sunanta, nan labarin yake. Yaranmu sun san zafin a ce ka ɓata sunan gida.

Malamin Tarihi:
Kin yi gaskiya Hajiya, an karya dokar. To sai dai ta nuna a labarin cewa karya ta aka yi, a ɓoye ko da ɗaurin gindin fada.

Anti Mai Gyaran Rubutu:
Ni kan sutura zan yi magana. 'Yata, ba ki da kyamara, alƙalami gare ki. Abin da ba ki kwatanta ba mai karatu bai gan shi ba. Ki ba mu nauyin garkuwa a hannun hagu, ƙarfen da ake ɗaura wa ƙwauri, takobin katako da take dukan turke da shi tun asuba, faten sha'ir da wake da ake ciyar da su har mutanen gari na yi musu laƙabi da maciya sha'ir. Ki sa ta ji kunyar idanun maza a layi ɗaya tak, ki wuce. Rumawan kansu abin kunya suka ɗauke shi, don haka ba ki ɓoye komai ba.

Ɗan Damagaram:
Batun ƙarshe kuma, akwai wani sassaƙen dutse da aka samo a Halikarnasus, garin Bodrum na Turkiyya a yau, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Mata biyu ne sun ja daga, kowacce da garkuwa da takobi, kansu ba hular ƙarfe. An rubuta sunayensu na fage, Amazon da Akiliya, a sama kuma kalmar Girkanci mai nufin an sallame su. Wato sun gwabza, babu wadda ta faɗi, aka bar su duka suka fita da rai. Mayaƙi kuɗi ne, an ciyar da shi an horar da shi, ba kowace karawa ake ƙarewa da gawa ba. Kina da hujjar barin ta da rai. Sai dai kada ki ba ta 'yanci a sauƙaƙe, sallama daga karawa ɗaya daban, 'yanci daban. Ba a hana dukkan mata wannan faɗa ba sai shekara ta 200, zamanin Sarki Saftimiyus Seberus.

'Yar Gwale:
Allah ya saka muku da alheri. Ɗan Damagaram, dutsen nan ya buɗe mini ido: mata biyu ne, ni kuwa ɗaya nake ta fama da ita. Zan bar jarumata 'yar gata kamar yadda Maman Biyu ta ce, in kawo baiwar Malam ta zama abokiyar karawarta, wadda ba ta zaɓi fagen ba. Malam, sauran tambaya ɗaya: tare da maza ake horar da su, ko gidansu daban?