Tambaya kan Farfesa Patrick Walsh, me ya yi ne da ake ta ambatonsa haka?

Dalibar_Likitanci:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina neman taimako, an ba mu aikin gabatarwa a sashen tiyatar mafitsara kuma ni aka ce in yi magana a kan Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins a Amurka. Duk takardar da na buɗe a kan kansar furostet (wata gaɓar maza da ke ƙarƙashin mafitsara) sai na ga sunansa, har babban littafin da muke karantawa ma Campbell-Walsh ake ce masa. To ni so nake in gane ainihin abin da ya canza, kuma shi kaɗai ya yi ko da wasu? Bana son in je in karanto yawan takardunsa kawai in zauna.

Dr_Mai_Tiyata:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin yi daidai da ba ki tsaya kan yawan takardu ba. Fara da yadda aikin cire furostet yake kafin shi: jini ne ke zuba sosai har likita baya ganin abin da yake yanka, bayan aiki kuma kusan kowane namiji gabansa ya mutu, wasu ga yoyon fitsari. Shi ya sa maza da yawa suke gudun aikin ko da kansar ba ta bazu ba.

Abu na farko, a 1979 shi da abokin aikinsa Reiner suka bayyana yadda jijiyoyin jinin da ke saman furostet suke kwance da yadda za a ɗaure su, jini ya ragu, ido ya samu ganin wuri. Amma babban labarin shi ne na Pieter Donker, wani farfesan mafitsara ɗan ƙasar Holan da ya riga ya yi ritaya a birnin Leiden na ƙasar. A 1981 Walsh ya kai masa ziyara ya tarar dattijon yana bin jijiyoyin mafitsara masu kai saƙo (ba na jini ba) da madubin likita a jikin jaririn da aka haifa ba rai, saboda a jariri kitse bai rufe su ba, ana ganinsu sarai. Nan suka zauna su biyu suka bi jijiyoyin da ke tayar da gaba, sai suka ga ashe a WAJEN furostet suke bi, ta gefe da gefe, ba ta ciki ba kamar yadda aka ɗauka. Ma'ana duk shekarun nan likitoci ne ke yanke su ba tare da sun sani ba. Suka wallafa a Journal of Urology a 1982, kuma ranar 26 ga Afrilun 1982 Walsh ya yi aikin farko da gangan ya bar jijiyoyin, mutumin mai shekara 52 ya samu ƙarfinsa ya dawo. Ni wallahi wannan wajen yake taɓa ni, shugaban sashe guda a Hopkins ya je ya zauna gaban tsohon da ya ajiye aiki yana koyo.

Abban_Khadija:
Ƙari a kan bayanin Dokta, kar ki manta da 1974, lokacin Walsh yana Dallas a Amurka, shi da likita Jean Wilson suka bayyana matsalar rashin sinadarin 5-alpha reductase, mai ƙara wa sinadarin mazakuta ƙarfi a jiki, a shekarar ne ita ma likita Imperato-McGinley ta bayyana irinta a Jamhuriyar Dominika. Daga wannan ilimin aka samo hanyar maganin finasteride da dattawanmu masu kumburin furostet suke sha yanzu. Sannan a 1996 yana cikin tawagar su William Isaacs da suka nuna wani wuri a kuromosom na 1 (ɗaya daga cikin ma'ajin ƙwayoyin gado a jiki) mai alaƙa da kansar furostet ta gado.

Nas_Hauwa:
Ni dai ina da ɗan ja, ba wai raina aikinsa nake ba. In za ki gabatar ki faɗi ɗaya ɓangaren ma, domin aikin da ya yi sauƙi sai aka koma yi wa maza da yawa da watakila kansar tasu ba za ta taɓa kashe su ba. Binciken ProtecT na Birtaniya da ya fito 2016, maza 1,643, bayan shekara goma waɗanda kansar ta kashe kusan kashi 1 cikin ɗari ne, ko an yi tiyata ko an gasa kansar da na'ura ko an sa ido kawai. Kuma barin jijiya sai kansar tana cikin furostet ba ta fita ba, mu kuwa a nan yawanci sai baba ya kasa fitsari ko ciwon baya ya kwantar da shi ake kawo shi, lokacin ta riga ta shiga ƙashi, wace jijiya za a tsaya ceto? Abin yana ci min rai sosai.

Dr_Mai_Tiyata:
Gaskiya ne Sista, ki sa wannan a ciki ƙanwata. Sai dai ki haɗa da binciken ƙasashen Sikandinebiya na 2002, maza 695, wanda ya nuna tiyata ta rage mutuwa daga kansar idan aka kwatanta da zaman jira, su waɗancan yawanci ba gwajin jini na PSA mai gano kansar da wuri ne ya gano tasu ba, shi ya sa sakamakon ya bambanta da na ProtecT.

Dalibar_Likitanci:
Na gode ƙwarai Dokta, na gode Sista da Abban Khadija, Allah ya ƙara ilimi. Zan nemo takardar 1982 ɗin a laburare gobe in sha Allah, in akwai mai hoton zanen jijiyoyin ya taimaka ya ɗora min a nan in sa a silaid.