Neman shawara: in fara karɓar fansho yanzu saboda kuɗin asibiti, ko in jira?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. An haife ni a 1961, shekarata 64, ina aiki a wani kamfanin ajiye kaya a New York. Bana aka yi wa maiɗakina aikin gwiwa, bayan inshora ta biya nata aka bar mu da dala 9,000. Ni da ita muna samun wajen dala 60,000 a shekara. Tunanina in fara karɓar fanshon gwamnati na Social Security in rage bashin. Wani kuma ya ce gwamnati za ta mayar min da kuɗin asibitin lokacin haraji, har da wanda nake turawa gida na maganin mahaifiyata. Don Allah wanda ya sani ya haska min.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara mata lafiya. Aikin cike takardun haraji nake yi, kuma gaskiya wanda ya gaya muku haka bai fahimci dokar ba. Ba mayar da kuɗin ake ba, rage abin da za a ɗora wa haraji ake yi. Shi ma sai abin da ya haura kashi 7.5 cikin ɗari na kuɗin shigarku. A dala 60,000, dala 4,500 na farko ba sa cikin lissafi, saura 4,500. Kuma sai kun bar rangwamen bai-ɗaya da ake ba kowa, kun jera kashe-kashenku ɗaya bayan ɗaya a takardar Schedule A. Rangwamen ma'aurata na 2025 dala 31,500 ne. In ba ku da wasu manyan abubuwa kamar ruwan bashin gida ko sadaka mai rasit, 4,500 ba za ta kamo shi ba. Na Hajiya mahaifiyarku kuwa ba ya shiga, domin sai wanda ake ɗawainiyar tasa ɗan ƙasa ne, ko mazaunin Amurka, Kanada ko Meziko. Duk da haka ku adana rasit, jihar New York tana barin mutum ya jera nasa a harajin jiha ko da ya ɗauki na bai-ɗaya a na tarayya.

Alhaji na Bronx: Ƙanena, fanshon nan nake ji maka. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, cikakkun shekarunsa 67 ne. Ka fara a 64, an yanke maka kashi 20 cikin ɗari ke nan, kuma haka za ka yi ta karɓa har ƙarshen rayuwa. Ga shi kana aiki: a 2025 duk abin da ka samu sama da dala 23,400, ana riƙe dala 1 a kowace dala 2. Za su gyara lissafin in ka kai 67, amma kai yanzu kake neman kuɗin, ka ga ba ta biya ba. Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne ana lissafin ne da shekaru 35 na aiki. Yawancinmu da girmanmu muka shigo ƙasar nan, duk shekarar da babu sifili ake sa mata, don haka kowace shekara da ka ƙara tana goge sifili ɗaya. Ka kuma tuna da iyali. In ta Allah ta kasance, naka ne za ta gada in ya fi nata, to kada ka rage mata shi saboda bashin shekara ɗaya. Ka je ofishin kuɗi na asibitin ka nemi biya kaɗan-kaɗan, ka tambayi tallafin masu ƙaramin ƙarfi.

Ɗan Agadas: Ni ban ce kowa ya jira ba, Alhaji. Mai ciwo ko wanda ƙarfinsa ya ƙare, ya karɓa abinsa. Amma Baban Amira, Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, daban ne, a 65 ake shiga. Wata bakwai ake bayarwa: uku kafin watan haihuwarka, watan kansa, uku bayansa. Wanda ya makara ba shi da inshorar wurin aiki, ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari a kuɗin Part B (ɓangaren Medicare na ganin likita) kan kowace shekarar da ya yi jinkiri, kuma ba ya sauka. In kamfaninku na da ma'aikata 20 ko fiye kuma kana cikin inshorarsu, kana iya dakatawa, in ka bar aiki kana da wata takwas na yin rajista.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lafiyata lau, zan ci gaba da aiki, gobe kuma zan kira asibitin. Saura ɗaya: niyyata in koma gida in na ajiye aiki, kuma katin zama nake da shi, ban karɓi takardar ɗan ƙasa ba.

Maman Hanif: To Baba, wannan ku fara da shi. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ana iya tsayar masa da fansho in ya yi wata shida a jere a waje, Medicare kuma ba ta biyan asibitin gida. Ku je ofishin Social Security ku tambaya da sunan ƙasarku kafin ku sa ranar tafiya, ku kuma duba neman takardar ɗan ƙasa tun kuna nan.