Shin tanadi yana da amfani a kasuwar da ba ta da tabbas?

Tela daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki mai kekuna huɗu da yara uku da ke koyon aiki a wurina. Kowace shekara tun watan Sha'aban nake sayen zare da shafi da maɓallai, in tara man janareto, sannan in daina karɓar ɗinkin sallah idan azumi ya kai goma sha biyar. Maigidana, wanda ya koya mini sana'ar, yana ganin kulle jari kawai nake yi. Hujjarsa ita ce, ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun shekarar sun wargaza lissafin kowa, don haka gara mutum ya bi kasuwa yadda ta wayi gari. Ina girmama maganarsa, amma hankalina bai kwanta da ita ba. Wanne ya fi?

Mai hatsi a Kasuwar Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar maigidanka ba ta faɗi ƙasa ba, domin ni tanadi ne ya kusa karya ni. A kakar 2024 na sayi masara a Saminaka na cika sito, bisa al'adar da muka gada cewa hatsi yakan yi tsada idan damina ta kankama. Ban ɗauki janye harajin shigo da abinci da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yulin shekarar da muhimmanci ba, sai ga farashi yana sauka a 2025 maimakon ya hau. Na sayar ƙasa da yadda na saya, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari da 'yan dako. Da na zauna na duba, ajiyar ba ta da laifi. Laifina shi ne na zuba jarina gaba ɗaya a buhu, ban bar ko kwabo a hannu da zan juya da shi ba lokacin da kasuwa ta sauya. Ka ci gaba da sayen zarenka da wuri, amma ka bar wani kaso na kuɗinka a sake. Kuma don Allah ka daina tara fetur a shagon da ke cike da yadin mutane.

Hajiya daga Kakuri:
Ɗana, ka raba abubuwa biyu. Akwai abin da ranarsa sananniya ce, kamar sallah da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara da ragon layya, kuma wanda ya bari irin waɗannan suka zo masa ba shiri ba zai ɗora wa gwamnati ko kasuwa laifi ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma abin da babu wanda ya hango. Lokacin da masaƙun Kakuri da ke Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masaƙar da mijina yake aiki tana ciki. Ba mu san ranar ba, amma mun ga albashi ya fara jinkiri, sai na shiga adashe, na ɗauki kwasata na sayi injin markaɗe. Injin nan ne ya riƙe gidanmu shekaru. Maƙwabtanmu da suka ce sai abin ya faru za su san abin yi, kayan ɗaki suka riƙa fitarwa suna sayarwa a araha.

Ɗalibi daga Rigasa:
Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Sai dai, Malam, ka faɗa wa maigidanka wannan cikin ladabi, domin ya riga ka sanin kasuwa.

Tela daga Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Zan rage zaren da nake saya zuwa launukan da ba sa kwantai, fetur kuma zan riƙa sayen na kwana biyu kawai. Alhaji mai hatsi, kaso nawa kake barin a hannu yanzu, ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka?