Likita Mila: mai kishin talaka ne ko ɗan rakiyar Gwamna Lugga?

Abban Sadik: Jama'a, ga magana, wanda zai ji haushi ya ji. Likita Mila (Walter Miller), Baturen mishan ɗin nan na Zariya, ya riga NEPU faɗa wa sarakuna gaskiya. Littafinsa Have We Failed in Nigeria? ya fito a 1947, NEPU kuwa sai 1950 aka kafa ta a nan Kano. A ciki ya caccaki Turawan mulki kan yadda suka jingina da sarakuna da En'e, suka kau da kai ana danne talaka. Ni a wurina mai kishin talaka ne.

Malam Habu: Ƙanena, ka fara karatun daga tsakiya. Koma 1900. Mila yana cikin ayarin Bishop Tugwell na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, da suka shigo Kano zamanin Sarki Alu. Sarki bai ba su wurin zama ba, ya sallame su, suka koma Girku suka raɓe kusa da sansanin sojan Turawa. A 1903 aka ci Kano da bindiga, a 1905 Mila ya samu zama cikin birnin Zariya. Ƙofar da aka rufe masa da baki, igwa ce ta buɗe masa ita, shi ya sa nake ganinsa ɗan rakiyar Lugga. Kuma in ka bi rubutunsa a hankali, ba zaluncin hakimi kaɗai yake suka ba, yana ɗora laifin a kan addininmu.

Abban Sadik: Allah gafarta Malam, amma abin da ya faɗa kan En'e ƙarya ne?

Malam Habu: Ban ce ƙarya ba ne. Na ce ka duba inda ya nufa da maganar.

Anti Saratu: Ku ba ni dama, tunda iyayena daga Wusasa suka zo Sabon Gari. Malam, "ɗan rakiya" bai dace da shi ba ko kaɗan. Razdan-razdan da yawa ba sa ƙaunarsa, suna ganin mai tada zaune tsaye ne. Manufar gwamnatinsu ita ce a hana mishan shiga biranen sarakuna, shi ya sa daga ƙarshe aka fitar da aikin daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa wajen 1929. Mutumin sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa wurin Hausawan can kafin ya tako ƙasar nan. Shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932, kakata ba ta taɓa karanta wani littafi ba sai shi, bangonsa har ya saɓule ta ɗinke da zaren lilo. Sannan ku dubi waɗanda makarantar ta yaye. Dokta Barau Dikko, likitan farko a Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, ɗan can ne. Janar Gowon a Wusasa ya tashi.

Baba Alhaji: 'Yata, duk na yarda. To Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi fa? Malami ne, mawaƙi, har yau ana karanta waƙoƙinsa. Ba su jitu da Mila ba, ƙorafin Mila na cikin abin da ya shafa masa baƙin jini wurin Turawa, aka tuɓe shi aka kai shi Lokoja, can ya rasu. Wanda ƙararsa ke iya taɓa rawanin sarki, ba za a ce ba shi da kunne a gidan Gwamna ba.

Anti Saratu: Baba, kai ƙara daban, yanke hukunci daban. Turawan ne suka tuɓe shi.

Maman Ummi: Ni abin da ya fi damuna ba sarakuna ba ne, rubutu ne. Mila na cikin waɗanda suka matsa a yi Hausa da baƙaƙen boko a ajiye ajami. Gwamnati ta bi wannan hanya, makarantar da Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ma a kanta ta tafi, kuma shi kansa Ɗan Hausan tsohon ma'aikacin CMS ne. Me ya biyo baya? Dattijon da ke rubuta wasiƙa da lissafin bashinsa na Kasuwar Kurmi da ajami, aka wayi gari a takardar gwamnati sunansa jahili. Wannan talakan wa ya yi kishinsa?

Abban Sadik: Yaya, amma da baƙaƙen nan kike rubuto mana wannan ƙorafin.

Maman Ummi: Eh, domin su aka bar mana. Wanda aka ƙwace wa kwarya aka miƙa masa kwano, shan furarsa a kwanon ba godiya ba ce.

Malam Habu: Abban Sadik, bambancin da ka tsallake ke nan. Malam Aminu da Sa'adu Zungur sun soki sarakuna daga cikin gida, hujjarsu Alƙur'ani da littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu, suna cewa ku koma kan abin da aka yi jihadi dominsa. Mila cewa yake tushen ne ruɓaɓɓe, a canja shi. Ƙorafin ya yi kama, maganin da kowa ya rubuta ya sha bamban.

Anti Saratu: Malam, sai dai ka tuna akwai Hausawan da maganin nasa suka zaɓa da kansu. Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a nan Kano tun kafin zuwan Turawa, zuriyarsu su suka nemo Mila, aka zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna. Ba wanda ya kai musu bindiga. In ana lissafin talakawan Hausa a sa da su.

Baba Alhaji: An sa da su, 'yata. Amma Abban Sadik, tunda kai ka kawo maganar, kawo mana shafin da ya yi batun En'e mu gani da idonmu, na ga duk a kan abin da ka ce ya ce muke ta musu.