Aminiyata da mijina suka ci amanata: waɗanda abin ya taɓa samu, yaya kuka tashi?

Uwar biyu, Jidda:
Assalamu alaikum. Tare muka sauka ƙasar nan ta Saudiyya da aminiyata. Ita ta zauna mini jego lokacin da ba ni da uwa ba ni da dangi a kusa, makullin gidana ma a jakarta yake kwana. A wayar mijina na ji muryarta tana kwashe masa duk sirrin da na taɓa faɗa mata. Da na yi magana ya yi mini saki ɗaya, yanzu ina idda. In miji ya ɓata miki rai wurin aminiya kike kai kuka, to ni wurin wa zan kai? Igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, kuma a ƙarƙashinsa take.

Hajiya, Shara Mansur, Makka:
Sannu 'yata, Allah Ya saka miki. Ki fara da kama bakinki. Da nawa ya faru, mata sun yi ta zuga ni in tona mata asiri a gidan suna, na ƙi. Saƙon waya ba shaidu huɗu ba ne, kuma kin san abin da Suratun Nur ta ce kan ƙazafi, bulala 80. Kada ki tura komai a WhatsApp, dokar laifukan intanet ta nan tana hukunta ɓata suna da ɗaurin da zai kai shekara 1 ko tarar da za ta kai riyal 500,000. Sai ki ga mai gaskiya ta koma mai laifi.

Ni da tandar aro na fara sana'ar waina. Kafin asuba na jiƙa shinkafa, hantsi na yi waina ta ƙare. Lokacin aikin Hajji alhazanmu har layi suke yi saboda miyar taushe. Ranar da na biya haya da kuɗin hannuna, ranar na yi barcin kirki.

Wani ɗan'uwa, Madina:
Malama, mu maza ma yana samunmu, kunya ce ke hana mu faɗa. Abokina ne da muke ci a kwano ɗaya, in zan yi tafiya shi nake bar wa amanar gida. Da ya ci amanata da matata, na sallame ta ba tare da na gaya wa iyayenta dalili ba, saboda 'yarmu. Na canja masallacin unguwa don kada sahu ya haɗa mu. Har yau zafin nasa ya fi nata a zuciyata.

Anti, Riyad:
Ƙanwata, kuka ba zai hana ki lissafi ba. Saki ɗaya ne, a gidansa za ki yi idda, ci da sha a wuyansa, haka farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce. Kada ki yi yaji. Tun 2020 kuɗin da baƙo ke biya wa kowane mutum da ke ƙarƙashinsa riyal 400 ne a wata, nawa tsohon mijin da wannan ya fake ya ce in koma ƙasarmu. Ki riƙe fasfonki da takardar aure da na haihuwar yara a hannunki, ki nemi wanda ya san harkar igama tun idda ba ta cika ba.

Wata 'yar'uwa, Makka:
Ni mayar da ni ya yi, ita kuma ya aure ta. Na zauna don yara, ba na ce kowa ta yi haka ba. Gaisuwa ce kawai tsakanina da ita, ban kuma sake yin aminiya ba.

Hajiya:
A'a 'yata, nan ban bi ki ba. Wadda ta ara mini tanda mace ce, ita ta raka ni wurin alƙali ma. Don ɗaya ta ci amana ba za ki rufe ƙofa ki zauna ke kaɗai a ƙasar mutane ba.

Uwar biyu:
Na gode, Allah Ya bar zumunci. Anti, fasfon yaran yana wurinsa. Ta yaya kika karɓo na naki ba tare da rigima ba?